Kunun tsiron masakwa da goruba: kunu ne, ko hanyar bilbil aka kama?

Maman Sadiya (Garwa): Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya, kuma ina so a ba ni amsa tsakani da Allah. Tun da sukari ya yi tsada na fara wani haɗin kunu da ba na sa masa sukari ko cokali ɗaya. Dawar masakwa nake jiƙawa, in ware kashi ɗaya cikin huɗu in bar shi ya tsira, in shanya, in niƙa shi da busasshen dankali. Sauran in markaɗa da citta da kanumfari, in dama da tafasasshen ruwa, idan ya sha iska in zuba garin tsiron in rufe. In na zo tacewa sai in ƙara ruwan goruba da 'yar tsamiya. Zaƙinsa ba ya gundura, masu saye a bakin tasha kuma sun karɓe shi. To jiya wata maƙwabciyata ta ga tsiro a shanye a kan tabarma, ta ce wannan ai hanyar masu bilbil ce, wato giyar dawa, in ji tsoron Allah. Wata kuma ta ɗanɗana ta ce daɗi kam akwai, amma kada in ƙara kiransa kunun zaƙi, don ba haka ake yin sa ba. Maganar ta tsaya mini a rai. Shin na kauce hanya ne?

Hajiya Kulu (Gidar): Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Tsiro a kunu ba yau aka fara ba. Kakata da tsiron shinkafa take zaƙaƙa nata, a zamanin da sukari sai gidan mai hali. Abin da ban taɓa ji ba shi ne goruba. Yaya kike fitar da ruwanta?

Maman Sadiya (Garwa): Hajiya, dakawa nake yi a turmi har naman ya rabu da ƙwallon, in jiƙa garin a ruwan ɗumi kamar awa biyu, in tace da ƙyalle mai laushi. Ruwan yana fitowa ja-ja da ƙamshi, shi ke ba kunun launi.

Baba Alhaji (Marwa): 'Yata, ni bayan maƙwabciyarki ta biyu nake. A cikin hatsi na tsufa a kasuwar Marwa, masu kunu kuwa abokan cinikina ne tun ina saurayi. Kunun zaƙi sananne ne: gero, ko gero da 'yar dawa, citta, kanumfari, masoro, dankali. Mutum ya miƙo dala ashirin ɗinsa ya ce a ba shi kunun zaƙi, ya san abin da harshensa ke jira. In kin miƙa masa mai goruba da tsamiya kin ba shi wani abu dabam, ko da ya fi daɗi. Kunun gyaɗa daban, kunun tsamiya daban, kunun kanwa daban, koko daban. Magabata ba su raba su a banza ba.

Bashir (Ngaundere): Baba, Allah ya ƙara girma, zan dawo kan maganarka. Bari in fara da abin da ya fi damun Anti. Ina karatun sarrafa abinci a makarantar ENSAI ta Jami'ar Ngaundere, wannan kuma yana cikin abin da ake koya mana. Ƙwayar dawa sitaci ne cike da ita, sitaci kuwa ba shi da zaƙi. Idan ƙwayar ta sha ruwa ta fara tsira, tana fitar da wasu sinadarai da ake kira amilas, su narkar da sitacin ya koma sukari don ɗan tsiron ya samu abinci. Mai kunu tana tsayar da tsirar da zafin rana, ta ɗauki sinadarin ta sa shi aiki a tukunyarta. Amilas ɗin iri biyu ne. Ɗaya shi ke tsinka kunu mai kauri ya koma ruwa-ruwa, ɗaya kuma shi ke fitar da zaƙi. Tsiron dawa yana da na farko sosai amma na biyun kaɗan ne a cikinsa, dankalin Hausa kuwa na biyun ne ya cika shi. Shi ya sa haɗin tsiro da dankali da Anti ta yi ya dace ƙwarai.

Akwai kuma dalilin da ya sa ake raba ƙullu biyu. Sitacin dawa ba ya nuna sai zafi ya kai wajen digiri 70, a wannan zafin kuwa sinadarin zaƙin mutuwa yake yi. Don haka ake dama babban kashin da tafasasshen ruwa, a jira ya huce zuwa wajen digiri 60, sannan a zuba tsiron. Duk wadda ta zuba da wuri, kununta zai kwana da kauri kuma salam. Har zuwa nan babu ko ɗigon barasa a cikin tukunya.

Usmanu mai shayi (Kusseri): To amma bilbil ma ai haka ake fara ta. Na ga ana shanya tsiro a unguwannin masu yi, jar dawa a baje a ƙasa.

Anti Marta (Kaele): Gaskiyarka ɗan'uwa, farkon hanyar ɗaya ce, kuma gara a faɗa a fili. Ni Kirista ce, zoɓo da kunun aya nake sayarwa, amma uwata da bilbil ta biya mana kuɗin makaranta, a gindin tukwanenta na tashi. Bari in gaya muku inda hanyar ta rabu, don Maman Sadiya ta san inda za ta tsaya.

Jar dawar damina ake amfani da ita, wadda Fulani ke ce wa njigari. A jiƙa, a baza a inuwa a rufe, ana yayyafa ruwa safe da yamma kwana biyu zuwa huɗu har saiwa ta sarƙe, a shanya, a ɓarza. Sai a kwaɓa da ruwa a manyan randuna a bari ya kwanta. Ruwan sama a tsiyaye a ajiye gefe, na ƙasa mai kauri a dafa shi, sannan a mayar masa da ruwan da aka ajiye. Kun ga dabarar da Bashir ya faɗa ke nan, mu ba mu san sunan sinadarin ba amma mun san in ka dafa ruwan saman ka yi asara. A bar shi ya kwana ya yi tsami, a tace, a sake ɗora shi a wuta ya yi ta tafasa awowi, itace kam yana ƙonewa. In an sauke ya huce, abin da ke cikin randar ruwa ne mai zaƙi da ɗan tsami, ba ya bugar da kowa, mu yara ma ana ɗiba mana a ƙoƙo.

Abin da ke mai da shi giya shi ne na ƙarshe. Uwata tana da busasshen yis da take kwashewa daga dafuwar baya ta shanya ta adana. Da yamma ta zuba shi, tsakar dare ka ji randa tana tsuwa, kumfa ya taso, da safe ya zama bilbil. Ba a zuba wannan ba, ba a kuma bar shi ya jima a buɗe ba, babu giya.

Ummi (Garwa): Wai yanzu zauren masu kunu ya koma wurin koyar da dafa giya? Ni dai ban ji daɗin wannan ba.

Yaya Hadiza (mai kula da zaure): Ummi, yi haƙuri. Anti Marta 'yar zaure ce tun farko, tambaya aka yi ta amsa da abin da ta sani. Ba wanda aka ce ya je ya dafa. A ci gaba cikin mutunci. Malam Habu, in kana kusa muna son jin ta bakinka.

Malam Habu (Garwa): Ina biye da ku. Ummi, kishinki abin yabo ne, amma wanda bai san inda iyaka take ba, shi ya fi saurin ƙetare ta. Tambayar nan an taɓa kai irinta gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Lokacin da ya aiki Abu Musa al-Ash'ari da Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, Abu Musa ya tambaye shi game da abin sha biyu na mutanen can, ɗaya na zuma, ɗaya kuma mizru, wanda ake yi da dawa da sha'ir. Amsar ita ce duk abin da ke sa maye haramun ne. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Ku lura, ba a ce dawa haramun ce ba, ba a ce jiƙa ta haramun ne ba. Hukuncin a kan maye aka rataya shi. Wani hadisin kuma ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, don haka ba a cewa ai ɗan kaɗan ya juya.

Kuma Ibnu Abbas ya ruwaito, a cikin Muslim, cewa ana jiƙa wa Annabi zabibi, ya sha ranar, ya sha washegari, har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai a bayar ko a zubar. Wato an san jiƙo yana juyawa in ya daɗe, shi ya sa aka sa masa lokaci. Kada kuma wani ya ɗauki kwana ukun nan ya ce kununsa ma zai kai. Kunu mai zaƙi a zafin Garwa na watan Afrilu ba ya jiran kwana uku. Maman Sadiya, tsironki halal ne. Abin da ke kanki shi ne kada ki sayar da wanda ya juya. Allah ne mafi sani.

Maman Sadiya (Garwa): Allah ya gafarta Malam, na gode, Allah ya saka da alheri. Amma ta yaya zan gane ya juya tun bai yi nisa ba? Wani lokaci in wuta ta ɗauke, firigo ya huce, sai in ga gorar ta yi tauri, in na buɗe ta yi fiss.

Bashir (Ngaundere): Anti, wannan fiss ɗin ita ce alamar. Yis yana ko'ina, a jikin hatsi, a iska, a jikin ƙwarya da muciya, ba sai an zuba ba. Idan ya ci sukari yana fitar da abu biyu kusan daidai wa daida a nauyi: barasa da iskar da ke kumbura gora. Giram 180 na sukarin gulukos yana ba da wajen giram 92 na barasa da giram 88 na iskar. Akwai kuma wasu ƙwayoyin tsami, danginsu ɗaya da masu mai da madara nono, su ma wasunsu suna fitar da iska, don haka ba kowace gora mai tauri ce za ta bugar ba. Amma ke ba ki da na'urar aunawa a gida. Gorar da ta kumbura, ta yi kumfa, ta fara yaji a harshe da wari mai hawa hanci, ki zubar kawai.

Abin da nake so 'yan zaure su riƙe shi ne yis bai san bambancin sukarin tsiro da sukarin kanti ba. Mai zuba sukari kofi-kofi a kunu ko zoɓo, ta ɗure a gora ta toshe, ta ajiye a rana tun safe har la'asar, ita ma tana kan hanyar da ake tsoro, wataƙila ma ta fi saurin isa. Tabarmar tsiro ce kawai ake gani da ido.

Anti Marta (Kaele): Ƙari a kan wannan: tukunyar ƙasa tana riƙe abin da aka saba zuba mata. Randar da ta taɓa ɗaukar bilbil, ko an wanke ta, in ka zuba ruwan zaƙi da kanta za ta tayar da shi. Kada ku sayi tsohuwar randa a hannun wanda ba ku sani ba don kunu. Ƙwaryar kunun ma da ba a wanke ta da ruwan zafi a shanya a rana, tana iya yin haka.

Zara (Njamena): Sannunku da muhawara. Mu a nan masakwa berbere muke ce mata, kuma maganar tsiro ba baƙuwa ba ce. Ina da maƙwabta 'yan Sudan, duk shekara kafin azumi matansu suna haɗuwa su yi hilu-mur. Jar dawa suke tsirarwa, su niƙa, su haɗa da kunun garin da bai tsira ba, su zuba tsamiya da citta da kirfa da sauran kayan ƙamshi, su bar shi ya yi tsami, sannan su shimfiɗa shi siriri a kan faranti mai zafi ya gasu ya bushe. In an kusa shan ruwa sai a jiƙa gutsuren a ruwa a tace. Da shi suke buɗe baki tun kakanni. Tsiro ne, da tsamiya, da kwana a rufe, amma gashin nan yana kashe komai. Da na karanta saƙon Maman Sadiya shi ya fara zuwa mini a rai.

Baba Alhaji (Marwa): Madalla, 'yata Zara kin kawo mini hujja. Sun haɗa tsiro da tsamiya, sai suka ba shi sunansa. Ba su ce wa mutane ga kunun zaƙi ba. Ni ban ce haram ba, Malam ya gama wannan. Ciniki nake magana.

Bashir (Ngaundere): Baba, wannan gardamar ta suna da ƙa'ida, masu giyar Turai sun daɗe suna yin ta, kuma a darasinmu na tsiro dole mu bi tarihinta. A 1516 aka kafa doka a Bavariya ta ƙasar Jamus cewa ba a sa komai a giya sai ruwa da sha'ir da wani fure mai ɗaci da ake kira hop. Ko yis ba a ambata ba, don a lokacin ba a san halitta ce mai rai ba, sai a ƙarni na 19 Louis Pasteur ya tabbatar da aikinsa. Maƙwabtansu na Beljiyam kuwa ba su bi wannan ba, suna zuba 'ya'yan itace da ɓawon lemo, wasu ma a buɗe suke barin ruwan tsiron ya kwana iska ta kawo masa nata ƙwayoyin, kusan yadda Anti Marta ta bayyana matakin tsami.

A Amurka akwai ƙungiyar alƙalan gasar masu dafa giya a gida, BJCP, da aka kafa a 1985. Suna da kundin da ya bayyana kowane salo: launinsa, ɗacinsa, ƙarfinsa. Amma mutane ba su daina ƙirƙiro abin da bai shiga kowane layi ba, har dole aka buɗe rukuni na hatsin da ba a saba ba, irin su dawa da gero, da wani rukunin na gwaji zalla. Sharaɗin shiga waɗannan rukunan shi ne mai haɗin ya faɗi abin da ya zuba, don alƙali ya san da me zai auna shi. Nan kusa da mu ma, da Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanoni komawa suka yi kan dawa da masara. Lemon malta na kwalba da ake sha a gidan suna da buɗe baki, ruwan tsiro ne da aka dafa aka toshe ba a bar yis ya taɓa shi ba.

Ra'ayina shi ne ƙa'idar salo daga tukunya take fitowa. Wata ce ta fara zuba dankali a kunu ranar da ba a taɓa yi ba, yau Baba yana lissafa shi cikin asali.

Baba Alhaji (Marwa): Ɗana, ba sai ka kai ni Jamus ba. Ka ce sharaɗinsu mutum ya faɗi abin da ya zuba. To ni ma abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu. Ta yi haɗinta, Allah ya sa albarka, amma mai saye ya sani. Akwai wanda tsamiya ke tayar masa da gyambon ciki, akwai mai azumin da zaƙin gero kawai yake marmari.

Hajiya Kulu (Gidar): Alhaji, a nan kam ina tare da kai rabi. Kunun zaƙin ma ai ba ɗaya ba ne. Na Marwa da na sha ya fi namu kauri, na wajen Yagwa da shinkafa ta wadata suna sa ta da yawa, wasu na sa aya, wasu gyaɗa kaɗan. Ba wanda ya ce su canja suna. Amma goruba da tsamiya suna juya ɗanɗanon gaba ɗaya, wannan ya cancanci a faɗa. Ni da ni ce, kunun goruba zan ce, har ma ya zama abin da aka san ni da shi a tasha.

Anti Marta (Kaele): A wajen masu bilbil ma haka ne, ba su da littafi amma kowa ya san hannun kowa. Wata tana sa ɓawon dargaza mai yauƙi don dusa ta kwanta da sauri, wata karan kuɓewa. A ƙasar Kapsiki, a arewacin Kamaru, akwai jar giya wadda maza ke dafawa don bukukuwan al'ada, da fara wadda mata ke yi don kasuwa. Abin da ake ƙi shi ne a ɓoye wani abu a ciki don ya ƙara bugarwa, wannan ko masu sha suna la'antarsa.

Usmanu mai shayi (Kusseri): Ni abin da ya burge ni, tunda babu sukari, zai yi wa masu ciwon sukari kyau. Ina da abokan ciniki da yawa masu shan shayi ba sukari. Maman Sadiya, ki rubuta haka a jikin gorar, za ki ga kasuwa.

Bashir (Ngaundere): Don Allah Yaya Usmanu, a'a. Anti, kada ki rubuta haka. Zaƙin da tsiro ya fitar sukari ne, sunansa maltos, kuma yana shiga jini da sauri, bai fi na kanti sauƙi ga mai ciwon ba. Goruba ma da nata. Gaskiyar da za ki iya faɗa ita ce ba ki zuba sukarin kanti ba. Mai ciwon sukari ya ɗauke shi kamar kowane kunu mai zaƙi, ya bi abin da likitansa ya ce.

Usmanu mai shayi (Kusseri): To, Allah ya kyauta. Gara da na faɗa a nan.

Hajiya Kulu (Gidar): Tunda an zo maganar lafiya, ƙanwata, kina murje tsiron bayan ya bushe?

Maman Sadiya (Garwa): Ina ɗan sheƙewa dai, amma ba na murjewa sosai. Na ɗauka saiwar ma tana ƙara zaƙi.

Hajiya Kulu (Gidar): A'a, ɗaci take ƙarawa. Idan ya bushe ƙarau, ki zuba a turmi ki ɗan sussuka a hankali, ko ki murza tsakanin tafin hannu har saiwar da ɗan kan tsiron su karye, ki sheƙe a faifai sai ƙwaya zalla ta rage. Haka kakata ke yi, ba ta taɓa kai shi niƙa da gashinsa ba.

Baba Alhaji (Marwa): Wannan gaskiya ne, kuma ya wuce ɗaci. Tambayi kowane makiyayi abin da gyauron dawa ke yi wa saniya in ta ci shi yana ɗanye ƙarami. Kumburi, rawar jiki, wani lokaci kafin a kawo wuƙa ta tafi.

Bashir (Ngaundere): Baba ya faɗi daidai. Ɗanyen tsiron dawa yana ɗauke da wani sinadari, durin, wanda ke sakin gubar sayanayid, irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci. A saiwa da kan tsiron ta fi taruwa, ba a ƙwayar ba. Murjewa da sheƙewa suna kawar da mafi yawanta, tafasawa kuma tana korar saura. Abu na biyu shi ne fumfuna. Hatsi mai laima a rufe cikin zafi wurin tsirarta ne, wata irinta kuma tana barin gubar afulatoksin mai lalata hanta, wadda tafasa ba ta kashewa. Ki wanke dawar sosai kafin jiƙo, ki canja ruwan, ki baza ta siriri kada ta yi tudu, ki riƙa juyawa. In kin ga kore ko baƙi-baƙi, ko warin rima, kada ki tsince ki yi amfani da sauran, kuma kada ki ba kaji.

Zara (Njamena): Tambaya: tsamiyar a farko ake sa ta ko a ƙarshe?

Bashir (Ngaundere): A ƙarshe, yadda Anti ke yi. Tsami mai yawa yana raunana amilas, in kin sa da wuri zaƙin ba zai fito sosai ba.

Maman Sadiya (Garwa): To yanzu maganar kwana. Na saba haɗawa bayan isha'i in tace da asuba. Da sanyi ba matsala, amma da bazara kafin asuba har ya fara tsami.

Hajiya Kulu (Gidar): Da bazara daina kwanar da shi. Dama da asuba, zuba tsiron, rufe tukunyar ki naɗe ta da tsohon bargo don ɗumin ya zauna. Awa huɗu zuwa biyar ki ɗanɗana, za ki ji ya tsinke ya yi zaƙi. Tace, mai da shi wuta ya tafasa sau ɗaya, sannan ki sa gorubarki da tsamiya, ki huce shi da sauri a cikin baho mai ruwan sanyi. Sai dai ki sani, in akwai ɗanyar gasara a ciki, tafasar za ta sa ya ƙara kauri, don haka ki ɗan sake ruwansa tun farko. Ruwan gorubar ma ki tafasa shi daban, don jiƙon ruwan ɗumi shi ma yana ɗauke da nasa. Kuma gorunan nan da muke saye a hannun yara, wanki da sabulu da ruwan zafi, ba ɗauraya ba.

Malam Habu (Garwa): Abin da ya kwana bai sayu ba kuma, kada a juye shi cikin sabo don gudun asara. Wannan shi ne ainihin zuba yis ɗin da Marta ta faɗa, ko da ba da niyya ba.

Anti Marta (Kaele): Sosai, Malam.

Ummi (Garwa): Na karanta duka. Anti Marta, ki yi haƙuri da maganata ta ɗazu. Maganar randa ta amfane ni, don ni ma a randa nake sanyaya zoɓo.

Anti Marta (Kaele): Ba komai ƙanwata.

Maman Sadiya (Garwa): Na gode muku duka. Zan koma haɗin asuba, zan murje tsiro, kuma daga gobe kunun goruba zan riƙa cewa, in an tambaya in faɗi abin da ke ciki. Baba, saura kai: wace masakwar ta fi dacewa da tsiro? Ni duk wadda na samu a kasuwa nake saye.

Baba Alhaji (Marwa): Nemi safrari, mai ruwan ɗorawa, ko majeri fara. Ba su da baurin jar dawa, kununki zai fi haske. Masakwa ana dasa ta a karal, wato ƙasar laka mai riƙe ruwa, bayan ruwa ya ɗauke, wajen Oktoba, a girbe ta Janairu zuwa Fabrairu, ba ta ga ruwan sama a kanta ba, shi ya sa ƙwayarta ke fitowa tsaf ba fumfuna. Ki saya ta bana, kada a ba ki wadda ta shekara biyu a rumbu ƙwari sun huda, ba za ta tsira ba, ruɓewa za ta yi. Kuma ki kiyayi dawar iri da aka shafa wa maganin ƙwari, za ki gan ta da hoda ja ko shuɗiya, wannan ta shuka ce ba ta ci ba. Kafin ki sayi buhu, karɓi tafi ɗaya, ƙirga ƙwaya 100, naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ki ajiye a inuwa kwana uku. In 90 sun fito, saya. In ba su kai 80 ba, bar masa kayansa.

Maman Sadiya (Garwa): To Baba, ranar Lahadi zan shiga kasuwar Pitowa, zan karɓo tafi-tafi daga wurin mutum biyu ko uku in gwada kafin in ɗauki buhu.

Hajiya Kulu (Gidar): In kin tace na farko ki turo mana awon gorubar a kan kowane mudu, ni ma ina so in gwada da gero.